Jan goge da fiyanon Ada: wanne masu sharhi suka fi yabo?

Malama, kin tambaya tsakanin The Red Violin da The Piano wanne masu sharhin fina-finai suka fi ɗagawa, tunda duka biyun a kan kayan kiɗa aka gina su. The Piano ne a gaba, da tazara ma.

Fim ɗin Jane Campion ne na 1993. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa, ita ce mace ta farko da ta taɓa samunta, sannan ya kwashi Oscar 3: na Holly Hunter da ta fito a matsayin Ada, na Anna Paquin da ta fito a matsayin 'yarta, wadda ke 'yar shekara 11 a lokacin da ta karɓa, da na rubutun labari. Abin da ya kama masu sharhi shi ne Ada, matar da ba ta magana, wadda aka aurar daga Sikotlan zuwa New Zealand. Mijin ya bar fiyanonta a bakin teku, alhali da shi take faɗin abin da ke ranta. Daga farko har ƙarshe kina tare da mutum ɗaya, kina jin zafinta. Sukar da ya sha ta fi yawa a kan yadda aka mayar da 'yan ƙabilar Maori 'yan rakiya a ƙasarsu.

The Red Violin na François Girard, ɗan Kanada, ya fito a 1998, kuma a nan kan masu sharhi ya rabu. Gogen ne jarumin. An ƙera shi a Cremona ta Italiya a 1681, ya faɗa hannun wani maraya a Biyana ta Ostiriya, ya je Oxford, ya tsallake rijiya da baya a Shanghai lokacin da ake farautar kiɗan Turawa, ya ƙare a wajen gwanjo a Montreal a 1997, inda Samuel L. Jackson ke bin diddigin asalinsa. Dalilin jan launin kuwa ba zan faɗa ba, kada in ɓata miki kallo. Roger Ebert, fitaccen mai sharhin fina-finai na Amurka, ya yabe shi sosai saboda girman burinsa. Masu suka kuma suka ce da zarar ka fara sabawa da mutum sai a ɗauke shi a kawo wani, kamar fasinjojin motar haya. Sashen Oxford, da makaɗinsa mai haukan soyayya, shi ya fi shan zagi, kuma ni ma ina ganin ya cancanta. Amma na Shanghai, inda tsohon malamin kiɗa ke ɓoye kayan kiɗa a saman ɗakinsa yana sane da abin da zai biyo baya idan aka gano, ya isa ya rufe bakin mai cewa fim ɗin ba shi da rai. A gida Kanada dai kyautar Genie 8 ya ɗauka.

Wajen kiɗa kuma sai reshe ya juye da mujiya. John Corigliano ya ci Oscar da kiɗan The Red Violin, wanda Joshua Bell ya goga, alhali kiɗan Michael Nyman na The Piano, duk da farin jininsa, ko cikin 'yan takara bai shiga ba. To in kunnenki kike son yi wa hidima, fara da gogen.

Duka biyun akwai tsiraici a ciki, kada ki kunna su yara na falo.