Gargaɗi ga masu naɗin kwayil: a auna waya kafin a biya kuɗi

Jama'a a yi hattara da masu kawo wayar naɗi shago-shago da arha, suna rantsuwa jan ƙarfe ce zalla. Da yawanta alminiyam ce aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe. Wata kuma saman kwarkwaron ne kawai mai kyau, da an warware ciki sai a tarar ta sirance.

Ido ba ya gane wannan, mitar auna turjiya ce ke tona asiri, wato na'urar da ke nuna yadda waya ke tirje wa wutar lantarki, a ma'aunin om. A yanke waya tsawon mita 10 daidai, a kankare fentin bakinta biyu har ƙarfen ya yi sheƙi. Kafin awo a haɗa bakunan mitar da juna, a rubuta abin da ta nuna, sau da yawa om 0.2 zuwa 0.5, sannan a debe shi daga sakamakon. Waya mai lamba 30, wadda kaurinta milimita 0.315 ne, za ta ba da kusan om 2.2 idan jan ƙarfe ce. Idan ta haura 3, ta doshi 3.5, alminiyam aka kawo muku.

Inda ake cutar mutane shi ne awo ɗaya. Mai algus ya san bakin waje za a gwada, don haka a auna farko, a auna tsakiya, a auna kusa da gindin kwarkwaro. Wayar kirki lambobin nan uku kusan ɗaya suke fitowa. Idan kauri ya ragu da kashi 10 cikin 100, turjiyar wayar na ƙaruwa da kusan kashi 23, kuma daidai wurin ne zai riƙa ɗaukar zafi a cikin kwayil har fenti ya ƙone, zagaye ya taɓa zagaye. Fanka ko injin ban ruwa ya dawo yana warin ƙuna, mai kaya ya ce aikinku ne bai yi ba.

Kada a auna wayar da ta sha rana, domin kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara turjiyar da kusan kashi 0.4 cikin 100.

In babu mita a kusa, a kara bakin wayar a wutar ashana. Jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, alminiyam kuwa nan take take lanƙwashewa ta tsinke. Wadda maganaɗisu ya kama, baƙin ƙarfe ne a cikinta. Duk mai sayarwar da ya hana a warware kwarkwaro a auna, a mayar masa da kayansa.