Sabon demarer da na saka wa Hilux ɗina, da abin da ya yi mini a Lagdo

Kwana 11 kacal demarer ɗin nan ya yi a jikin motata. Demarer nake cewa yadda muke kiransa a nan Garwa ta Kamaru, wato na'urar da ke tayar da inji in an murɗa makulli, 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka kik suke ce masa. Motar tsohuwar Hilux ce mai injin 5L, mai shan gas, da ita nake ɗauko kifi daga tafkin Lagdo sau uku a mako. Tsohon demarer ɗin da ke jikinta ne ya fara yi mini gardama: in na murɗa makulli sai in ji "ƙat", shiru, in sake, "ƙat", sai a na huɗu ko na biyar ta tashi. Batir kuwa sabo ne, bai yi wata uku ba.

Makanikena na shekara da shekaru na kai wa. Ya saurara sau biyu ya ce, "Alhaji, wannan ya gama yayinsa, sai sabo." Ya kwatanta mini wani shago kusa da babbar kasuwa, na je na sayo. Kwali mai kyau, leda a liƙe, fenti sai sheƙi yake. Mai shagon har da dafa ƙirji, wai na asali ne, daga Duwala aka kawo. Kun dai san kuɗin sabo a yanzu, ba sai na faɗa ba, ni kuma ko ragi ban matsa ba don ina son abu mai kyau.

Aikin sakawar, gaskiya ba ni da ta cewa. Kafin ya taɓa komai sai da ya cire kan batir na nagatif, abin da yara da yawa ba sa yi sai sifana ta taɓa ƙarfe wuta ta yi tartsatsi. Ya kwance ƙatuwar wayar da ke zuwa daga batir, ya zare ƙaramar da ke zuwa daga makulli, sannan ya shiga ƙarƙashi. Kusoshi biyu ne ke riƙe da shi a inda inji ya haɗu da giyabos. Na ƙasa bai ba shi wahala ba, na saman ne sai da ya haɗa ƙari a kan soket, yana lalube da hannu don ido ba ya kaiwa. Bai cika awa guda ba ya gama. Na murɗa, bugu ɗaya ta tashi. Ranar har na ƙara masa na goro.

Sai ranar wata Alhamis a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce maki 40. Mun gama lodi a bakin ruwa, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa guda uku manya, an zuba ƙanƙara an rufe da buhu. Na murɗa makulli, inji ya tashi, na saki, amma sai wani kuka ya biyo baya kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Na kashe motar, na zare makullin gaba ɗaya, yana hannuna, demarer kuwa bai fasa juyi ba. Warin ƙonewar roba ya cika gaban motar. Na buɗe bonet ina salati, hayaƙi na fitowa ta ƙasa. Yarona ya ce, "Baba, batir!" Allah ya sa sifana mai lamba 10 tana aljihun ƙofa. Kan batirin ya yi zafin da sai da na naɗe hannu da hulata, duk da haka fatar yatsana biyu ta saluɓe. Da tankin gas a cike da wayar da ke narkewa, ni kaɗai na san abin da ya zo mini a rai a wannan minti ɗin.

Wani mai gyaran injin jirgin ruwa ne ya taimake mu. Ya jira ƙarfen ya huce, ya ƙwanƙwasa shi da guduma har haƙorin demarer ɗin ya saki inji ya koma, ya cire ƙatuwar wayar ya naɗe bakinta da tsohuwar robar tayar keke, aka mayar da batir. Masunta takwas suka tura mota da lodinta a cikin yashi kafin ta tashi a giya ta biyu. Allah ya saka musu da alheri, ko sisi ba su karɓa ba. Amma awa biyu da rabi ta tafi, ga kilomita 60 da 'yan kai a gabana. Kafin in tsallake gadar Binuwai ruwan ƙanƙara ya gama tsiyaya a titi. Matan da ke saye a wurina suka danna cikin karfasa da yatsa suka girgiza kai. Rabin kayan ga masu banda na sayar, a kan abin da suka ga dama.

Washegari wani dattijo mai wayarin na kai wa, da sabon da tsohon duka, don tsohon yana bayan kujera ban yar ba. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hannu ya ce, "Ɗana, ji nauyin da kanka." Sabon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ya buɗe solinoyid ɗinsa, wato sashen da ke sakar wa demarer wutar batir, sai ga 'yan tagullan nan biyu da ke haɗa wuta sun narke sun manne da faifan tsakiya. Ya kankare ɗaya da wuƙa, farin ƙarfe ya bayyana, ashe wankin tagulla aka yi masa a sama. Ya ce injin gas matsinsa ya ninka na fetur, wutar da demarer ke ja a bugun farko mai yawa ce ƙwarai, siririn ƙarfe irin wannan ba zai jure ba.

Sannan ya juya kan tsohon. Sukurori uku ya kwance, murfi ya fita. Tagullan sun cinye, ɗaya ta yi rami kamar an ɗebe ta da cokali, shi ne dalilin "ƙat" ɗin nan. Ya duba burushin da ke kai wuta cikin demarer, ya ga da sauran ƙarfinsu. Ya saka sababbin tagulla biyu da faifai, ya wanke bendis, wato ɗan haƙorin da ke fitowa ya kama inji, ya shafa masa ɗan giris, ya ɗana a batir a ƙasa, abin ya yi tsalle da ƙarfinsa. Duk aikin bai kai kuɗin man zuwa Lagdo da dawowa ba.

A nan ne raina ya ƙara ɓaci, kuma ba da mai shago kaɗai ba. Na yabi makanikena a sama, ban janye ba, hannunsa na da kyau. To amma sukurori uku fa! Me ya hana shi buɗewa kafin ya ce ya gama yayinsa? Kuma me ya sa wannan shagon ya tura ni, duk yawan shagunan da ke layin? Na tambaye shi ido da ido, ya ce, "Alhaji, wallahi ni ma kwalin ne ya ruɗe ni." Na karɓa don ya rantse, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Mai shago kuwa ko kallon demarer ɗin bai yi ba, ya ce kayan wuta in an ɗaura ba a mayarwa, wai wataƙila ni na daɗe ina riƙe da makulli. Ni da na fara tuƙi tun yana goye.

Kafin dattijon ya mayar da tsohon, sai da ya haska tocila ta ramin da demarer ke zama, yaronsa na juya inji a hankali, ya nuna mini haƙoran filawil, wato zoben da demarer ke kamawa ya juya inji. Guda biyar sun gutsure a jere. Canza zoben nan sai an sauke giyabos, ni kuma asarar kifin ba ta bar mini kuɗin wannan ba. Yanzu mako shida ke nan tsohon demarer na tashin motar lafiya, sai dai ranar da inji ya tsaya daidai kan haƙoran nan, sai in ji "garrr", in sa giya, ni da yarona mu ɗan gusa ta gaba, in sake murɗawa. Sabon yana nan cikin kwalinsa a shagona, duk direban da ya zo sai na ciro tagullar da aka kankare na nuna masa.