Ziyarar Elmina da motar kamfanin yawon buɗe ido

A watan jiya na biya kuɗin tafiyar yini ɗaya daga Accra zuwa Elmina a ƙasar Ghana, ni da ƙanwata. Kamfanin ya ce ƙarfe shida za mu tashi, amma sai wajen bakwai da rabi motar ta iso, kuma wannan lattin ya ci mu daga baya. Tafiyar kusan awa uku ce a kan hanyar bakin teku.

Abin da ya biya ni kuɗina shi ne mutumin da ya zagaya da mu cikin ginin, wato tsohon sansanin Turawa na Elmina inda ake tsare bayi a da. Bai fara da zuwan Turawa ba. Ya tsayar da mu a tsakar gida, ya ce tun kafin jirgin Fotugal ya leƙo wannan gaɓa a 1471, zinaren ƙasar Akan arewa yake bi, fatake Wangarawa suna ɗaukarsa ta garin Begho zuwa Jenne a Mali ta yau, daga nan ya haye Sahara. Wannan zinaren Turawan suka biyo ta ruwa. A 1482 Sarki João na biyu na Fotugal ya aiko Diogo de Azambuja ya gina wurin, bayan ya zauna da sarkin garin, Kwamina Ansa. Ban taɓa sanin cewa da farko bayi ma kawo su Fotugal suke yi daga wajen masarautar Benin da ke Najeriya ta yau, su sayar wa 'yan kasuwar Akan su karɓi zinare ba. Wannan ya daɗe yana yi mini yawo a kai.

Daga nan muka shiga kurkukun mata. Ɗaki ne mai duhu, bango da danshi, iska ba ta shiga sai ta wata 'yar kafa. Warin wurin har yau bai fita ba. Ƙanwata ta kama hannuna ta ce, "Yaya, mu fita," amma na tsaya. A saman farfajiyar akwai barandar gwamna, inda yake tsayawa ya zaɓi wadda yake so cikin matan. Sai ƙofar da ake kira ƙofar da ba a dawowa, wadda ta nan ake fitar da bayi zuwa jirgi, siririya ce ƙwarai, mutum ɗaya ma sai ya karkata. Ta cikinta na hango teku da kwale-kwalen masunta masu launi iri-iri. Wallahi ƙwalla ta zo mini.

Ya nuna mana tudun da ke fuskantar ginin, inda Turawan Holan suka ɗora igwa suka ƙwace wurin a 1637. A hannunsu cinikin bayi zuwa nahiyar Amurka ya bunƙasa a nan, har Ingila ta karɓa a 1872.

A nan ne direban kamfanin ya fara danna oda, wai za mu makara zuwa Cape Coast. Ban samu hawa tudun ba, ɗan gidan tarihin da ke cikin tsohon cocin Fotugal kuwa minti goma kawai na yi a ciki, ga hotuna da bayanai da nake son karantawa a natse. Wannan ya ɓata mini rai sosai.

Zan koma, in Allah ya so, amma da motar haya, in kwana a garin. Wanda zai je ya riƙe ruwan sha, ya sa takalmi mara santsi, don matakalun sun sha tafiya.