Kai ƙorafi hukumar PCC a Abuja: inda take da amfani da inda hannunta ya gaza

Duk wanda haƙƙinsa ya maƙale a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja, fansho ne ko garatuti ko ariyas ɗin ƙarin girma, ba ya rasa mai ce masa ya nufi Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka fi sani da PCC. Shawarar tana da kyau, sai dai rabinta ake faɗa. Na yi aiki da hukumar wajen bin kadin haƙƙin ma'aikata da 'yan fansho, kuma ga yadda na same ta: tana da amfani ƙwarai idan fayil ne ya kwanta a teburin wani babu mai ɗaga shi, amma ƙarfinta kaɗan ne idan ma'aikatar ta kafe cewa ba za ta biya ba. Mai ƙorafi ya fara tantance wace iri ce tasa matsalar tun kafin ya biya kuɗin mota.

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa hukumar a 1975 da dokar soja mai lamba 31, bayan shawarar kwamitin Udoji da ya duba aikin gwamnati. Marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, shi ya fara riƙe ta. Yau Majalisar Tarayya ce ke naɗa babban kwamishina da kwamishina ɗaya ga kowace jiha da Babban Birnin Tarayya, na wa'adin shekara 3 da za a iya sabuntawa sau ɗaya. Hedikwatar tana kan titin Aguiyi Ironsi a Maitama, kuma Abuja tana da nata kwamishinan daban. Wanda ƙorafinsa ya shafi wani ofishin jihar Nasarawa ko Neja, ko da a Mararaba ko Suleja yake kwana yana shigowa Abuja aiki, gara ya kai ofishin hukumar na jihar, don kada takardar ta ɓata lokaci a hanyar tura ta can.

Abu mafi kyau game da ita shi ne kyauta ce. Ba kuɗin fom, ba kuɗin buɗe fayil, ba kuma sai da lauya ba. Ga tsohon masinja da ya yi ritaya a mataki na 04, wannan kaɗai ya isa dalili. Hurumin nata kuma yana da faɗi fiye da yadda mutane suka ɗauka: ma'aikatun tarayya da na jihohi, ƙananan hukumomi, hukumomin da doka ta kafa, har da kamfanoni masu zaman kansu da aka yi wa rajista. Saboda haka mai gadin da kamfanin tsaro ya sallama ba a biya shi albashin wata uku ba, shi ma ƙofar a buɗe take gare shi.

Inda akasarin ƙorafi ke mutuwa shi ne sashe na 6 na dokar, kuma shi ya kamata a fara karanta wa kowa. Hukumar ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, ko gaban Majalisar Tarayya, ko Majalisar Magabata ta Ƙasa (Council of State), ko Shugaban Ƙasa. Ba ta shiga abin da soja ko ɗan sanda ya yi a ƙarƙashin dokokin aikinsu. Ba ta karɓar ƙorafin da mai kawo shi ba shi da haƙƙi a ciki. Idan haƙƙin mamaci ne, sai magajin ya zo da takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar gado, ko shaidar cewa shi ne wanda marigayin ya rubuta a fayilinsa na aiki.

Sauran sharuɗɗa biyun su ne masu wuya, domin jan juna suke yi. Na farko, dole mai ƙorafi ya bi duk matakan da ke akwai a cikin ma'aikatar kafin ya zo. Na biyu, dole ya zo cikin wata 12 daga ranar da aka yi abin. To mutum yana can yana bin mataki, ana ce masa "Malam, ka dawo mako mai zuwa, oga bai sa hannu ba," shekara ta cika bai sani ba. Alƙawarin baki ba ya tsayar da lissafin nan. Shawarata ita ce a rubuta wa shugaban ma'aikatar tun makon farko, a jira mako uku zuwa huɗu, a aika takardar tuni, a kai kwafi teburin SERVICOM (sashen sauraron koken masu hulɗa da ofisoshin gwamnati) da ke cikin ma'aikatar, idan wata na uku ya shiga shiru ake ji, a wuce PCC. Idan cutarwar mai maimaituwa ce duk wata, kamar fanshon da ake biya a gajarce, a rubuta hakan ƙarara a nuna watan ƙarshe da abin ya faru. Hujja ce mai kyau, amma ban ba kowa shawarar ya jingina da ita ya yi ta jira ba.

Kuma "na je na yi musu magana" ba shaida ba ce. Shaida ita ce kwafin takardarka da aka buga wa hatimin karɓa a rajista, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Kullum a je da kwafi biyu, a ba da ɗaya a dawo da ɗaya. Idan an ƙi buga hatimi, a aika ta kamfanin kai saƙo a ajiye rasit. Wanda ya zo da irin wannan kwafi biyu ko uku ya riga ya amsa tambayar farko da jami'in bincike zai yi masa.

Takardar ƙorafin kanta kada ta wuce shafi biyu. A rubuta ta zuwa ga kwamishina. Sakin layi na farko ya ɗauki cikakken suna, adireshi, lambar waya, lambar fayil ta aiki da lambar IPPIS (tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya) idan ma'aikacin tarayya ne. Sai a faɗi ma'aikatar da sashen da abin ya shafa, ba "gwamnati" kawai ba: sashen kuɗi ne, ko na kula da ma'aikata, ko na fansho. Daga nan a jera abin da ya faru da kwanan wata, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe a faɗi abin da ake so a yi, da adadi. "A bi mini haƙƙina" ba ya ba jami'in abin da zai rubuta. Amma idan aka ce an yi mini ƙarin girma daga mataki na 08 zuwa na 09 daga watan kaza, an ci gaba da biyana albashin 08 har wata 14, bambancin kowane wata naira kaza ne, jimla kaza, to an ba shi tambayar da ma'aikatar ba za ta iya kauce mata ba. A haɗa da kwafin takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, ta ritaya ko sallama, takardun albashi da bayanin asusun banki na watannin da ake magana a kai. A sa wa kowace lamba, a ambaci lambar a cikin takardar. Asalin takardu kuwa a nuna su kawai, kada a bar su a kowane ofis.

Zagi da zargin da ba hujja suna cutar da mai ƙorafi ne. Abin da ya rubuta shi za a gabatar wa ma'aikatar don ta ba da amsa, kuma idan ya ce wane ɓarawo ne, amsar za ta tafi wajen wanke wane, a bar maganar kuɗinsa. Dokar ma ta mayar da faɗa wa hukumar ƙarya da gangan laifi. Akwai wani tanadi da mutane da yawa ba su sani ba: sashe na 8 ya hana kowa bayyana wa jama'a ƙorafin da aka shigar, in ban da kwamishina. Don haka ɗaukar hoton takardar a sa a Facebook bayan an shigar da ita kuskure ne.

Bayan an karɓa, a kan ba fayil lamba a miƙa shi ga jami'in bincike. A nemi lambar nan da sunan sashen da ke riƙe da shi, domin da su ake bibiya. Jami'in zai rubuta wa ma'aikatar ya nemi bayani, kuma doka ta ba ta kwana 30 ta amsa. Kwamishina yana da ikon aika sammaci a rubuce, da neman fayil, da zuwa ofishin ya duba da idonsa. Sau da yawa a kan kira ɓangarorin biyu zama ɗaya, kuma a nan ne na fi ganin amfanin hukumar. Ma'aikacin da ba ya iya wuce sakatariyar darakta sai ga shi a teburi ɗaya da wakilin daraktan, ga fayil a buɗe, ga mai tambayar da dole a amsa masa. Matsaloli da yawa ba mugunta ba ce ta kawo su: an rubuta ranar haihuwa biyu daban-daban, ko takardar ƙarin girma ba ta isa sashen albashi ba, ko suna a banki ya saɓa da na fayil. Irin waɗannan, da zarar wani daga waje ya nuna wurin da yatsa, a kan gyara. Ko amsar ta zo ba yadda ake so ba, mai ƙorafi ya samu abin da bai da shi a da, wato dalilin ma'aikatar a rubuce, wanda zai yi masa amfani a gaba.

Raunin kuwa daga dokar yake. Abin da sashe na 7 ya ba kwamishina shi ne ya ba da shawara: a sake duba lamarin, a gyara ko a soke matakin, a sauya ƙa'idar, ko a ba da cikakken dalili. Ba ya yanke hukuncin da za a tilasta kamar na alƙali, ba ya kama asusun ma'aikata. Hukuncin wanda ya ƙi amsa sammaci kuma tarar naira 500 ce ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kuma sai an je kotu. Naira 500 kuɗi ne a 1975. Yau ba ta kai mutum Maitama daga Kubwa ta mayar da shi gida. Abin yana damuna, domin talakan da ba shi da wata ƙofa shi ke ɗaukar nauyin wannan giɓin. Gyaran dokar kuma ba sauƙi gare shi ba: sashe na 315(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya kulle ta tare da dokar NYSC da ta mallakar filaye, ba a sauya ta sai ta hanyar da ake gyara kundin, da amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi. Kariyar da ta hana a rushe hukumar ita ce ta bar tarar yadda take.

Wannan ya kawo mu ga haɗarin da ya fi kowane girma. Shigar da ƙorafi a PCC ba ya dakatar da wa'adin zuwa kotu. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara kan abin da jami'i ya yi a bakin aikinsa. Akwai abubuwan da kotuna suka keɓe daga wannan wa'adi, amma lauya ne zai tantance ko naka yana ciki. Saboda haka wanda aka kora daga aiki ya ga lauya a makon farko, ko ya je Hukumar Ba da Agajin Shari'a idan ba shi da hali, kafin ya zaɓi tsakanin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa (National Industrial Court) da PCC. Ba a haɗa biyun: da zarar magana ta shiga kotu, hukumar za ta janye hannunta.

Wasu ƙorafe-ƙorafen kuma suna da ƙofar da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa. Fanshon tsohon tsari na tarayya yana hannun hukumar PTAD, na tsarin adashi kuma kamfanin fanshonka ne sannan PenCom, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin fansho. Cin hanci na ICPC ne ko EFCC. Cin zarafin ɗan sanda, Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Idan kuma takardar da za ta zama hujjarka ce ma'aikatar ta riƙe, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta. A nemi takardar ta wannan hanya tun ana jiran amsar takardar tuni, yadda ranar da za a je Maitama hujjar tana cikin fayil, in kuwa an hana, kwafin buƙatar mai hatimi shi ma a haɗa shi.