Idon sawun da ya saba gurɗewa: miƙe jijiyoyi ko tsayuwa da ƙafa ɗaya?

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka yi targaɗe shekara biyu da suka wuce idon sawunka bai koma daidai ba, da ka taka ba daidai ba sai ƙafar ta gurɗe. Kana so ka san wanne ya fi kafin wasan ƙwallo: ka tsaya wuri ɗaya kana miƙe jijiyoyi, ko ka ɗumama jiki da motsi da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ni dai na biyun zan ba ka.

Yawancin targaɗe na aukuwa ne idan tafin ƙafa ya karkata ciki, sai jijiyar da ke riƙe da ƙashin idon sawu ta waje ta ja ko ta yage. Ɓarnar ba a nan ta tsaya ba. A wurin akwai ƙananan jijiyoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka, kuma targaɗe yana dakushe su. Saƙo yakan makara, tsokokin gefen ƙwauri na waje da ya kamata su fizgo ƙafar su ma sai su makara, kafin ka ankara ka faɗi.

To, miƙewa a tsaye ba ta gyara wannan. Gaɓar da ta riga ta saki ba ƙarin saki take nema ba, kuma idan ka wuce daƙiƙa 60 kana jan tsoka ɗaya, ƙarfin tsallenka kan ɗan ragu na ɗan lokaci. Amfaninta ɗaya ne a wurinka: sharaɓa. Bayan targaɗe gwiwa takan kasa wuce yatsun ƙafa idan dunduniya na ƙasa. Ka fuskanci bango, ka riƙa tura gwiwa gaba ba tare da ɗaga dunduniya ba, daƙiƙa 30 ta isa.

Ɗumama jiki da motsi kuwa yana farkar da abin da ya yi barci. Ka fara da sassarfa har gumi ya ɗan tsatsafo. Sannan ka tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, gwiwa a ɗan lanƙwashe, abokinka yana jefo maka ƙwallo kana mayarwa. Idan tsayuwar ta zauna, ka koma tsalle gaba da gefe, kana sauka da ƙafa ɗaya, kana tsayawa cak kafin tsalle na gaba. Wannan tsayawar ita ce aikin, don Allah kada ka yi gaggawa a kanta. Daga ƙarshe ka yi gudu kana sauya hanya. Irin tsarin da ke cikin FIFA 11+ ke nan, shirin ɗumama jiki na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya wanda aka fitar a 2006, mai ɗaukar kimanin minti 20, kuma ana so a yi shi aƙalla sau biyu a mako. Abin da ke damuna shi ne masu yinsa ranar wasa kaɗai, alhali sai an yi makonni ana maimaitawa ƙafa ke koyo.

Ɗaurin idon sawu yana taimakawa, ka ci gaba da sa shi lokacin wasa. Na filasta kan sassauta idan gumi ya jiƙa shi, mai igiya kuwa kana iya ƙara matse shi a hutun rabin lokaci. Idan kuma akwai kumburi da ba ya sacewa, ko ciwo can cikin gaɓar, ko kana jin tana maƙalewa, ka dakatar da tsallen ka je likita ya duba, domin wani lokaci guringuntsi ne ya taɓu.