Gayun samarin 1970 ko na 1990: ga wanda zan ce ka ɗauka

Ƙanena, tunda ka ce kuɗin hannunka na shiga ɗaya ne, ko irin ta samarin shekarun 1970 ko ta na 1990, ɗauki ta 1990 ka huta. Duka biyun na gwada. Ɗaya tana jikina yanzu haka da nake maka wannan rubutu, ɗayar kuwa ko a hoto ba na son a tuna min da ita.

Shekara tara ke nan da na sayi wani wandon jins, Levi's 501, a hannun wani ɗan gwanjo. Ba ma shi ya kai ni ba, jaket na je nema. Ina ɗaga shi na ji nauyi kamar an tsamo shi daga ruwa. Ya koɗe a gwiwa da cinya, kuma a aljihun baya na dama akwai shatin walat ɗin wanda ya fara saka shi, wani bawan Allah da ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba. 'Yar takardar da ke ciki ta nuna a Amurka aka ɗinka shi. Makon farko mun sha rigima da shi, don maɓallai gare shi a gaba maimakon zif, ga yadin ba ya talewa ko kaɗan, in na zauna sai in ji kamar an ɗaure ni. Daga baya ya san jikina na san nasa. Sau biyu tela yana yi masa faci a hantsa, ban da wannan babu abin da ya same shi. Bara wani yaro ya tare ni a hanya yana tambaya a ina na samo wannan sabon fitowar, na ce masa yaro, wandon nan ya girme ka. Bai yarda ba sai da na juya masa bakin ƙafar ya ga ɗinkin.

Sirrin ba wani abu ba ne, auduga ce zalla. Yawancin jins na yanzu ana cakuɗa musu zaren roba don su tale su kama jiki, kuma wannan zaren shi ke fara mutuwa, sai ka ga gwiwa ta yi buhu, cinya ta yi tattara. Auduga kuwa tsufa kyau yake ƙara mata. Kusan duk kayan samarin 1990 a kanta suka tsaya: jins, tishat, riga mai gidan dara, jaket ɗin jins. Shi ya sa bayan shekara talatin da ɗoriya har yanzu suna da rai, kuma suna da yawa a hannun masu sayarwa.

Amma ka san shigar 1990 ɗin ba guda ɗaya ba ce. A Amurka, inda yayin ya fi tashe, reshe biyu ne manya. Akwai ta samarin birnin Siyatil, wadda ake kira giranj: riga mai gidan dara mai kauri a buɗe ba a ɓalle ba, tishat a ciki, koɗaɗɗen jins ya yage a gwiwa, sai takalmin but ko kambas. Asalinta ba gayu ba ne, rashin kuɗi ne da sanyin garin, yara suna sayen abin da suka samu a shagunan tsofaffin kaya. Da mawaƙan garin suka yi suna sai duniya ta kwaikwaya, har mai zanen tufafi Marc Jacobs ya hau da ita dandalin nuna kaya a 1992 da sunan kamfanin Perry Ellis, ya ɗinka kayan talakawa da yadi mai tsada, kamfanin kuma ya sallame shi. Sai kuma ta mawaƙan gambara: komai burmeme, wando ya sauko, riga ta kai cinya, hular hana-sallah, takalmin Timberland ruwan ƙasa. A nan ne kamfanonin tufafi irin su Cross Colours da Karl Kani da FUBU suka fito, FUBU ɗin Daymond John ne ya kafa shi da abokansa a 1992. Wasu kuma suka wuce gona da iri, kamfanin JNCO ya yi wandunan da zagayen bakin ƙafa ɗaya ya kai inci 50. Wannan kam kada ka soma, sai dai in shara kake son yi wa titi kyauta.

Ni na fi karkata ga ta farkon, kuma dalilina shi ne ainihin abin da ya sa na ce ka ɗauki 1990. Kayan suna rabuwa. Wandon zai tafi da kowace riga da kake da ita yau. Rigar gidan daran za ta hau kan kowane wando. Takalmin ma haka. Ranar da kake jin nishaɗi ka haɗa su duka ka fito sak ɗan 1994, ranar da za ka wurin da ake son natsuwa ka ɗauki guda ɗaya ka haɗa da kayanka na kullum, babu mai ɗaga ido ya kalle ka sau biyu. Kuɗi ɗaya ka kashe, amma kullum kana cin moriyarsa. Ga shi shigar ba ta zaɓen jiki. Siriri ta rufa masa asiri, mai tumbi ma ta rufa masa.

Ta 1970 fa? To, ba zan ci haƙƙinta ba, wando mai faɗin baki in an dace da yankansa yana ƙara wa mutum tsayi, kuma Levi's 646 da 684 masu ɗan tambari ruwan lemo a aljihu kaya ne na gaske. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Shiga ce da ba ta yarda da rabi. Wandon da tsawo ake yanka shi don ya rufe takalmi mai tudu, in babu tudun sai ya dinga jan ƙasa. Ka sa tudun, rigar ta ce sai mai faffaɗar kwala ta kama jiki. Ka sa rigar, kai ya ce sai an tara masa suma. Kafin ka ankara ka zama kamar wanda ya ɓato hanya daga wurin ɗaukar fim. Ni na bi ta har ƙarshe, rigar da na saya ta foliyesta ce irin ta zamanin disko, ba ta shan gumi, kuma warin wanda ya fara saka ta ya ƙi fita duk wankin da na yi mata. Takalmin kuwa fita ɗaya na yi da shi, tudun ƙafar hagu ya marmashe a tsakiyar taro, na dawo gida ina ɗingishi kamar agwagwa. Daga baya na gane irin robar da ake cika wasu takalma da ita tana shan danshin iska tana ruɓewa ko da ba a taɓa taka ta ba, wato tun a cikin kwali takalmin ya riga ya mutu.

Wannan darasin ya shafi 1990 ɗin ma, don haka ka riƙe shi: tufafi ka sayi tsoho, takalmi ka sayi sabo. But ɗin Dr. Martens 1460, mai huda takwas da rawayan ɗinki a gefe, tun 1 ga Afrilu 1960 ake yin sa, daga ranar ma ya samo lambarsa, kuma har yau fasalinsa bai canza ba. Kambas ɗin Converse ma haka yake. Babu wanda zai kalli ƙafarka ya gane na bana ne ko na 1993. Tsofaffin takalman wasanni masu kumfa a ƙasa kuwa, komai kyansu a hoto, na ajiya ne a kanta, ba na tafiya ba.

Ba ka tambaye ni ba, amma dole in ja maka kunne a kan masu sayarwa, don tunda tsohon yayi ya dawo, 'yan damfara suka tashi da ƙarfinsu. Ni kaina an taɓa yi min sakiyar da ba ruwa. Wani ya sayar min da baƙar tishat a intanet, ya rantse ta 1992 ce. Da ta iso, zanen gabanta ya tsattsage kamar tsoho, amma yadin sabo fil, har da ƙamshin kanti. Goge zanen aka yi da gangan. Na nemi mutumin, ya rufe layi.

Tun daga nan na koyi duba wasu abubuwa. A tishat, kalli kalmasar hannu da ta ƙasa. Har zuwa tsakiyar shekarun 1990 yawancin waɗanda aka yi a Amurka layin ɗinki ɗaya gare su, daga baya ne layi biyu ya zama ruwan dare. Sai dai masu jabu ma sun san wannan, yanzu har da layi ɗaya suke ɗinkawa, don haka ka haɗa da duba takardar wuya: in riga ta koɗe amma takardarta fes, ko kuwa ɗinkin da ya riƙe takardar zarensa daban ne da na sauran rigar, canza ta aka yi. Baƙar tishat kuma tana da wata cuta ta daban. Wadda aka ajiye shekaru ba a taɓa wanke ta ba, rinin yana iya cinye zaren, a ido lafiya lau, kana ja a hankali ta yage kamar takarda. In tana hannunka, ɗan ja bakinta kaɗan kafin ka biya. In daga nesa ne, ka ce mai ita ya ja a bidiyo kana gani.

A wandon Levi's kuwa, wasan da suka fi yi shi ne na ɗan jan tambarin aljihun baya. Kafin 1971 sunan da manyan baƙaƙe ake rubuta shi duka, daga shekarar aka mayar da harafin E ƙarami. Sai ka ji mai sayarwa yana ta kururuwar nasa mai babban E ne, don ya ninka maka kuɗi. Abu biyu za ka tuna. Na farko, kamfanin da kansa ya sake fitar da sababbin wanduna masu babban E, don haka harafin kaɗai ba shaida ba ne. Na biyu, takardar da ke bayanin yadda ake wanki ba ta shigo ba sai a farkon shekarun 1970, bayan Amurka ta kafa doka a kanta, to wandon da aka ce na 1965 ne ga shi da wannan takarda, ai ka ga ƙarya ta ƙare. Kai da kake neman na 1990 ma babu ruwanka da wannan rigimar, ƙaramin e kake nema. Juya maɓallin sama ka duba bayansa, akwai lambar masana'anta a buge, galibi kuma za ka sake ganin ta a takardar ciki. In sun yi daidai, alama ce mai kyau. Kamfanin ya rufe masana'antunsa na Amurka a farkon shekarun 2000, shi ya sa 501 mai rubutun an yi a Amurka yake da farin jini. Amma kada wannan ya rufe maka ido, akwai na shekarun 1990 da aka ɗinka a wasu ƙasashe, yadinsu mai kyau, kuma sun fi sauƙi.

Sai maganar awo, wadda ita ce ta fi cin mutane fiye da jabu. Kada ka taɓa yarda da lambar da ke jikin fatar ƙugu. Wandon da ya sha wanki shekara talatin ya tsuke, wanda aka rubuta wa 34 sai ka auna ka samu 32, wani kuma tela ya riga ya rage masa tsawo tun tuni. Ɗauko wandon da ya fi yi maka daidai a gida, ka shimfiɗa shi, ka auna ƙugu, da cinya, da daga hantsa zuwa ƙugu, da daga hantsa zuwa bakin ƙafa. Sannan ka ce mai sayarwa ya ɗora tef a kan nasa ya turo maka hoto kana ganin lambobin. Wanda ya fara cewa ai zai yi maka, ka yarda da ni, ko ya turo hoto ɗaya mai duhu, ko ya ce wasu mutum uku na jira ka yi sauri, ka bar masa kayansa. Ka ce kuma ya haska maka hantsa da cikin aljihu da hammatar riga, can ne ɓarna take ɓuya.

Ga yadda za ka kashe kuɗin. Fara da wando, 501 ko wani mai miƙaƙƙiyar ƙafa, shuɗi mai ɗan haske, ya ɗan yi maka yawa kaɗan amma ba ya faɗuwa. Nan za ka zuba mafi yawan abin da ke hannunka. Sai riga mai gidan dara guda ɗaya, ja da baƙi ko kore, mai kauri, ta fi ka da lamba ɗaya, kuma wannan ba sai mai suna ba. Farar tishat da baƙa kana da su a gida. Abin da ya rage ka sayi sabon kambas, but ɗin ya jira sai ka sake tarawa. In wandon ya iso, juya shi ciki waje ka wanke da ruwan sanyi, ka shanya a inuwa, kuma kada ka kai wa tela ya rage tsawon sai bayan wankin farko.