Buhun abincin mafitsara ko gwaji da magani: wanne za a yi wa kwikwiya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka saya wa kwikwiyarka buhun abincin mafitsara ko ka koma wajen likita. To, riƙe kuɗin buhun nan tukuna. Kwikwiya 'yar wata huɗu da ke yawan tsugunno, tana ɗiga fitsari kaɗan-kaɗan da jirwayen jini, takardar lab kuma ta nuna kiristal irin na sitirubait, da wuya a ce abinci ne ya jawo mata. A wajen karnuka, mafi yawan lokaci ciwon sanyin mafitsara ne ke haifar da wannan ɓurɓushin gishirin. Don haka tsakanin buhun abincin Royal Canin Urinary S/O da mai shago ke tallata maka da komawa wajen likitan dabbobi a yi gwajin ƙwayar cuta, ni dai na biyun zan ce ka bi, ba tare da wani dogon tunani ba.

Ga yadda abin yake. Fitsarin kare mai lafiya yana da ɗan tsami. Akwai bakteriya, musamman Staphylococcus da Proteus, da ke farfasa sinadarin yuriya ya koma amoniya, sai tsamin ya mutu kamar an zuba wa tsamiya kanwa. A irin wannan fitsarin ne maganiziyam da amoniya da fosfet ke haɗuwa su daskare. Kashe bakteriyar, tsami ya dawo, ɓurɓushin ya narke da kansa. Ka bar ta kana canza kwano, to ka bar tushen a ƙasa. Karnuka mata kuma sun fi kamuwa saboda bututun fitsarinsu gajere ne, ga shi kusa da dubura.

Tawa karyar, ruwa-biyun Boerboel, ta yi irin wannan tana ƙarama. Likita ya ce in kawo fitsarin farko na safe. Da asuba na bi ta da wankakken murfin roba mai faɗi, tana tsugunnawa na zura shi ta baya, ta waigo tana kallona kamar ta ce wannan kuma wane sabon salo ne. Da muka isa sai ya ce wannan ya isa a duba tsami da kiristal, amma na shukar ƙwayar cuta, wato renon bakteriyar a lab don a gane ta da maganin da ke kashe ta, da sirinji zai zuƙo kai tsaye daga mafitsara ta cikin ciki, don wanda ya bi ta gashi da ƙasa ya riga ya gurɓata. Gabana ya faɗi, ita ko ƙara ba ta yi ba. Ya ɗora ta kan amoksisilin daidai nauyinta, sakamakon da ya fito ya nuna maganin ya dace. Kafin maganin ya ƙare ta daina tashina da kuka cikin dare, da aka sake gwaji babu ko ɗigon kiristal. Abincinta na kwikwiyo ban canza ba, jiƙa shi kawai nake yi da ruwan ɗumi har ya kumbura. Yau ga ta nan, ƙasusuwa garau, baƙo ba ya wuce ƙofa sai da izininta.

Ka lura da lokacin da fitsarin ya yi kafin a duba shi. Idan ya wuce awa ɗaya a ajiye, ko an sa shi a firji, kiristal na iya fitowa a cikin kwalbar alhali babu shi a cikin jikin dabbar. Kai, har kare mai ƙoshin lafiya ana ganin 'yan kaɗan a fitsarinsa. Kiristal daban, tsakuwa daban. Tsakuwa sai hoto ko sikanin ke nuna ta. Idan asibitin da ke kusa da kai ba ya shukar ƙwayar cuta, a aika samfurin asibitin koyarwa na dabbobi, irin na ABU Zariya ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Maganin kuma kada ka yarda a haɗa maka shi a kemis. Enrofiloksasin ɗin da ke cike shagunan maganin kaji, da ɗan'uwansa sipiro da mutane ke sha, suna lalata guringuntsin gaɓoɓin kwikwiyon da bai gama girma ba, musamman manyan jinsi. Tetarasaikilin yana rina haƙoran da ke fitowa. Ibufurofen da dikilofenak kuwa na iya huda ciki su taɓa ƙoda. Ciwon da bai yi tsanani ba yanzu likitoci kwana 3 zuwa 5 suke bayarwa, amma idan akwai tsakuwa sai a ci gaba har ta narke, kuma wannan hukuncin likita ne.

Shi buhun, to, ba zan ce ba ya aiki ba. Na taɓa sayen irinsa wa wani tsohon karena bisa umarnin likita, ya yi abin da aka saye shi dominsa, aljihu dai ya ji a jikinsa. Amma an yi shi ne don babban kare: an rage maganiziyam da fosforas, an ƙara gishiri don ya sha ruwa, an sa abin tsamama fitsari. Kwikwiya kuwa da fosforas da kalsiyam take gina ƙashi. Su kansu kamfanonin, Royal Canin da Hill's mai irin wannan abinci da ake kira s/d, sun bayyana cewa ba na kare mai girma ba ne, ba kuma na mai ciki ko mai shayarwa ba.

Abin da zai taimake ta a kwano shi ne ruwa. Babban kare ma yana bukatar kamar mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, kwikwiyo ya fi haka, balle a zafin Maris da Afrilu. Jiƙa mata abincin, ka ajiye ruwa wuri biyu a inuwa, a riƙa wanke mazubin. Idan girkin gida kake ba ta, shinkafa da nama ko kifi da ƙwai, a cire nata kafin a sa albasa, don albasa tana fasa jinin kare. Kada kowa ya ba ka shawarar jiƙa mata kanwa kamar yadda ake yi wa tumaki. Wannan ƙara wa sitirubait ƙarfi ne. Kada kuma ka ƙara mata garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyam da kanka. Sai al'adarmu ta kulle kare a keji tun safe sai dare: fitsarin da ya daɗe a mafitsara shi bakteriya ke so. A fito da ita duk bayan awa 3 ko 4.

Akwai inda maganata ba ta kai ba. Idan takarda ta ce kiristal ɗin irin na ogzalet ne ba sitirubait ba, babu abincin da ke narkar da tsakuwarsa, sai an cire. Idan kuma kiristal irin na yuret ne a ɗan kwikwiyo, a duba hanta. Idan ciwon ya dawo bayan magani, ko kullum bayanta a jiƙe yake ko tana barci, a yi sikanin, don wasu da karkatacciyar hanyar fitsari ake haifar su. Fitsari ja ko kalar shayi tare da zazzaɓi da farin dasashi kuwa, ka fara zargin cutar kaska, a gwada jini. Masu namiji su ji da kyau: ya yi ta yunƙuri babu ko ɗigo, toshewa ce, a daren za a kai shi asibiti.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da abincin nan. Wasu suna farke buhu su auna a leda, ba ka san me aka gauraya ba, wasu su liƙa sabuwar takarda a kan kwanan watan lalacewa. Duk wanda ya ga ka shigo da takardar lab ya miƙo maka buhu mafi tsada bai ko tambayi watannin karen ba, ciniki yake yi. Wasunsu har allura suke yi suna amsa sunan dakta, alhali ba su da rajista da hukumar likitocin dabbobi.

Gobe da safe ka kai ta a ɗebi sabon fitsari a yi shukar, ka ba da maganin har ya ƙare ko ta warware tun kafin nan, ka bar ta kan abincinta na kwikwiyo a jiƙe. Bayan mako ɗaya da gama magani a sake dubawa. Allah ya ba ta lafiya.